Tarukan ƙara wa juna sani: Abin da masana ke samu da abin da ke barazana ga martabarsu

A kowace shekara, jami'o'i da kwalejoji da ƙungiyoyin ƙwararru a Najeriya suna shirya tarukan ƙara wa juna sani masu yawa. Masana tarihi suna da nasu, haka masana harsuna, da likitoci, da injiniyoyi, da lauyoyi, da akantoci. Malami yakan bar ajinsa da iyalinsa ya yi tafiyar yini guda a mota, ya biya kuɗin rajista da na masauki, don kawai ya yi magana ta minti 15 ko 20 a gaban takwarorinsa.

A wannan zamani da tsadar rayuwa ta matsa wa ma'aikata, mutane da dama suna tambaya ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Wasu ma suna yi wa irin waɗannan taruka kallon taron shan shayi, inda ake haɗuwa a yi jawabai, a karɓi takardar shaidar halarta, kowa ya kama gabansa. Tarihin ilimi a ciki da wajen ƙasar nan ya nuna cewa taron da aka shirya da kyau yana iya sauya alƙiblar fanni guda sukutum. Ya kuma nuna cewa darajar taro tana ga abin da aka tace a cikinsa da abin da ya wanzu bayan an watse.

Yadda taron yake gudana

Shirin yakan fara ne watanni kafin ranar taro, lokacin da kwamitin shirye-shirye ya fitar da sanarwar neman maƙalu tare da jigon da za a tattauna a kai. Mai sha'awa zai aika da tsakure, wato taƙaitaccen bayanin bincikensa wanda galibi ba ya wuce shafi guda. Kwamitin masana zai duba ya zaɓi waɗanda suka cancanta, sannan a buƙaci cikakkiyar maƙala.

A ranar farko akan yi bikin buɗewa, inda wani gogaggen masani zai gabatar da babban jawabi a kan jigon taron. Daga nan sai a rarrabu zuwa ƙananan zaure bisa ga ɓangarorin fannin. Kowane zama yana da shugaba mai kula da lokaci, wani lokaci da mai sharhi wanda ya karanta maƙalar tun da farko. Bayan mai gabatarwa ya kammala, sai a buɗe fagen tambayoyi da gyare-gyare. A fannonin kimiyya akan ƙara da baje kolin bincike a kan manyan alluna, inda mai binciken zai tsaya kusa da aikinsa yana amsa tambayoyin masu wucewa.

A ƙarshe akan fitar da takardar bayan taro mai ɗauke da matsaya da shawarwari. Idan taron na ƙungiya ne, a nan ake yin babban taron shekara da zaɓen shugabanni. Mataki na ƙarshe, wanda sau da yawa shi ne ake sakaci da shi, shi ne tace maƙalun da buga su a kundi ko a mujallar ƙungiyar.

Gwada bincike kafin ya shiga littafi

Amfani na farko shi ne suka mai ma'ana. Manazarcin da ya shafe shekara biyu ko uku a kan aiki guda yakan saba da shi har idonsa ya daina ganin gurbinsa. A zauren taro zai haɗu da wanda ya karanta wani rubutun hannu da shi bai gani ba, ko wanda ya yi irin gwajin a wata jiha ya sami sakamako dabam. Tambaya guda daga irin wannan mutum tana iya ceto shi daga buga kuskuren da zai bi sunansa har ƙarshen aikinsa.

Labarin masanin lissafi ɗan Birtaniya, Andrew Wiles, ya bayyana matsayin taro a cikin wannan tacewa. A watan Yunin 1993, a wani taro a Cambridge ta Ingila, ya gabatar da laccoci uku inda ya sanar da cewa ya warware wata matsalar lissafi da Pierre de Fermat ya bari, wadda ta gagari masana fiye da shekara 350. Labarin ya karaɗe duniya. Amma da masu tantancewa suka zauna da rubutun, sai aka gano wani giɓi a cikin hujjar. Wiles ya koma aiki, tare da taimakon tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, bai toshe giɓin ba sai a 1994, aka kuma buga aikin a 1995. Tafin da aka yi masa a zaure bai zama hukuncin ƙarshe ba. Gabatarwar ce ta miƙa aikin ga idon masana, su kuma suka bi shi layi-layi har ya tsaya da ƙafarsa.

Haɗuwar da ke haifar da aiki

Amfani na biyu yana faruwa ne galibi a wajen zaure, a lokacin cin abinci ko a hutun da ke tsakanin zama biyu. A nan ne mutum biyu da kowannensu ke riƙe da rabin amsa suke gano juna.

A watan Nuwambar 1972, masana kimiyya biyu 'yan Amurka, Stanley Cohen na Jami'ar Stanford da Herbert Boyer na Jami'ar California da ke San Francisco, sun halarci wani taro a Honolulu. Cohen ya iya shigar da ƙwayoyin gado cikin bakteriya, Boyer kuma yana aiki da wani sinadari mai yanka ƙwayoyin gadon a daidai wurin da ake so. Hirar da suka yi da dare bayan zaman taro ita ce ta kai su ga haɗa ƙarfi, kuma a 1973 suka wallafa sakamakon da ya buɗe ƙofar fasahar sarrafa ƙwayoyin gado. Daga wannan hanya aka samu insulin da bakteriya ke samarwa, wanda aka amince da amfani da shi a 1982, kuma masu ciwon suga a faɗin duniya suke dogaro da irinsa a yau.

Afirka ma tana da nata misalin. A watan Yunin 1962 aka yi taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi a Makerere da ke Kampala ta Uganda. Daga Najeriya, Chinua Achebe da Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark suna cikin mahalarta. Wani ɗalibin Makerere ɗan Kenya, wanda daga baya duniya ta san shi da Ngugi wa Thiong'o, ya yi amfani da damar ya miƙa wa Achebe rubutunsa. Achebe ya karanta, ya kuma haɗa shi da kamfanin ɗab'i na Heinemann, wanda ya buga masa littafin Weep Not, Child a 1964. Ɗalibin da ya shiga taro ba wanda ya san shi ya fita da hanyar da ta mayar da shi ɗaya daga cikin manyan marubutan nahiyar.

Taron na Makerere ya bar wani gado na dabam. Da yake an keɓe shi ga masu rubutu da Ingilishi, marubuta irin su Shaaban Robert na Swahili da D. O. Fagunwa na Yarbanci, da duk masu rubutu da Hausa, sun kasance a wajen fage. A 1963 wani masani ɗan Najeriya, Obi Wali, ya rubuta sharhi a mujallar Transition yana cewa adabin Afirka ba zai yi nisa ba muddin ya dogara da harsunan Turai. Muhawarar da ta taso daga nan ba ta mutu ba har yau, kuma Ngugi da kansa ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da harshen Gikuyu. Ko kuskuren da aka yi wajen tsara taro yana iya zama silar tunani mai amfani, idan akwai masu bibiyarsa da alƙalami.

Tarukan da suka gina fannoni a Najeriya

Kafin samun 'yancin kai, tarihin da ake koyarwa a makarantun ƙasar nan ya fi karkata ga ayyukan Turawa a Afirka. A 1955 aka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a Ibadan ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike. Tarukanta na shekara-shekara da mujallarta sun zama dandalin da aka kafa hujjar cewa al'ummomin Afirka suna da tarihin da za a iya nazarta ta hanyar rubuce-rubucen gida da bayanan baka. A mujallar ƙungiyar ne H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya wallafa maƙalarsa ta 1961 da ta jawo hankalin manazarta ga jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, batun da ya ce an yi watsi da shi. Dike ne kuma ya shugabanci taron farko na masana nazarin Afirka na duniya, wanda Kwame Nkrumah ya buɗe a Accra a watan Disambar 1962.

Wannan tafarki aka bi a arewacin ƙasar. A 1975 aka yi taron ƙara wa juna sani a Sakkwato a kan tarihin Daular Usmaniyya, kuma Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya tace maƙalun aka buga su a 1979. Bawuro Barkindo ya yi irin wannan aiki ga maƙalun taron tarihin Kano da Jami'ar Bayero ta shirya, littafin ya fito a 1983. A 2004, lokacin cikar daular shekara 200, an sake yin babban taro a Abuja, kuma cibiyar Arewa House da ke Kaduna ta buga maƙalun a 2006. Da wuya ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a kan waɗannan batutuwa ya kammala ba tare da ya buɗe littattafan nan ba. Da yawa daga cikin mahalarta tarukan sun riga mu gidan gaskiya, amma maƙalunsu suna nan a ɗakunan karatu saboda an samu waɗanda suka tsaya aka buga su.

Mai karanta wannan rubutu ma yana cin gajiyar irin waɗannan taruka. Ƙa'idojin rubutun Hausa na boko sun daidaita ne ta hanyar zama bayan zama. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan rubuta wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fulatanci da Kanuri. A 1980 aka yi wani taron a Yamai don kusanto da rubutun Hausar Najeriya da na Nijar. Ɗan bambancin da ya rage, kamar yadda ake rubuta harafin farko na kalmar 'ya'ya a ƙasashen biyu, bai hana littafin da aka buga a Zariya karantuwa a Maraɗi ba.

Ƙwararru da sabunta ilimi

Ga likita ko injiniya ko lauya, taro hanya ce ta kasancewa tare da zamani. Abin da aka koya a jami'a shekara 15 da suka wuce yana iya zama tsohon yayi, kuma a wasu fannoni riƙe tsohon yayi yana iya jawo asarar rai. A watan Yulin 1996, a taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Vancouver ta Kanada, aka gabatar da sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar cutar a jikin mai ɗauke da ita. Likitocin da suka halarta sun koma asibitocinsu da sabon tsarin magani, kuma a ƙasashen da maganin ya samu, mace-mace sun ragu ƙwarai cikin 'yan shekaru.

Wannan ne ya sa hukumomin da ke kula da sana'o'i suka mayar da ci gaba da neman ilimi wajibi. Hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya tana buƙatar likita ya nuna shaidar halartar tarukan ƙarin ilimi da bita kafin a sabunta masa lasisin aiki na shekara. Cibiyar akantoci ta ICAN tana da irin wannan tsari ga mambobinta. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya kuwa takan yi babban taronta a watan Agusta, lokacin da manyan kotuna suke hutu, inda ake tattauna sababbin dokoki da hukunce-hukunce.

Ga matashin malami, taro makaranta ce ta biyu. A nan yake koyon taƙaita aikin shekaru cikin 'yan mintuna, da amsa tambaya mai zafi ba tare da fushi ba, da faɗin cewa bai duba wani ɓangare ba idan bai duba ba. A nan yake ganin editocin mujallu ido da ido, yake jin labarin tallafin bincike da guraben ƙaro karatu, yake kuma samun wanda zai duba masa aiki daga wata jami'a. Malamin da ke koyarwa a sashen da shi kaɗai ne a fanninsa ya fi kowa buƙatar wannan, domin taron shekara yana iya zama lokaci ɗaya tak da zai zauna da masu fahimtar aikinsa.

Matsalar kuɗi da biza

Duk da wannan amfani, halartar taro tana ƙara wuya ga masanan Najeriya. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana da sashen ɗaukar nauyin ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati zuwa taruka. Sai dai masu nema sun fi guraben yawa, kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ninka kuɗin tikitin jirgi da na rajistar da ake biya da dala. A cikin gida ma, tsadar sufuri da matsalar tsaro a wasu hanyoyi suna hana mutane tafiya.

Akwai kuma shingen biza. A 2022, mahalarta da dama daga Afirka sun kasa zuwa taron duniya kan ƙanjamau a Montreal ta Kanada saboda an hana su biza ko an yi jinkirin ba su, alhali nahiyarsu ce cutar ta fi addaba. Lamarin ya ƙarfafa kiran da ake yi na a riƙa kawo manyan taruka ƙasashen da batun ya fi shafa.

Annobar korona ta 2020 ta tilasta mayar da taruka kan intanet ta manhajoji irin su Zoom. Hakan ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su da kuɗin tafiya, da mata masu renon yara, da masu buƙata ta musamman. Amma taron intanet yana buƙatar wutar lantarki da sadarwa mai ƙarfi, kuma ba ya samar da irin hirar bayan zama da ta haɗa Cohen da Boyer. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka koma haɗa biyun, wasu a zaure wasu a kan allo.

Tarukan bogi da farautar takardar shaida

Babbar barazana ga martabar taruka daga cikin gida take fitowa. Da yake ƙa'idojin ƙarin girma a manyan makarantu suna ƙirga maƙalun da aka gabatar, sai aka samu masu neman adadi ko da babu inganci. Wani yakan biya kuɗin rajista, a sa sunansa a kan maƙalar da bai san abin da ke cikinta ba, a kawo masa takardar shaida har ofis. Wani zaman kuma akan cusa maƙalu 20 cikin awa biyu, ta yadda ba wanda zai samu damar yin tambaya.

Wannan buƙata ta haifar da kasuwa a duniya. A 2005, wasu ɗalibai uku na cibiyar MIT a Amurka suka ƙirƙiri manhajar kwamfuta mai haɗa maƙalun da ba su da ma'ana ko kaɗan, suka aika wa wani taro da za a yi a Orlando, aka kuma karɓi ɗaya daga ciki. A 2014, manyan kamfanonin ɗab'i biyu, Springer da IEEE, sun janye maƙalu fiye da 120 daga kundayen taruka bayan an gano cewa irin wannan manhaja ce ta rubuta su. A 2019 wata kotun tarayya a Amurka ta ci kamfanin OMICS na ƙasar Indiya tarar fiye da dala miliyan 50 bisa yaudarar masana, ciki har da tallata taruka da sunayen fitattun manazarta waɗanda ba su amince za su halarta ba.

Alamomin irin waɗannan taruka sanannu ne. Akan karɓi tsakure cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da wani gyara ba. Jigon yakan haɗa fannonin da ba su da alaƙa, kamar aikin gona da adabi da injiniyanci a zaure guda. Saƙon gayyata yakan cika da yabo, a kuma matsa wa mutum ya biya kuɗi da gaggawa. Ba a ganin sunan wata sananniyar ƙungiyar masana ko jami'a a bayansa, kuma ba a samun kundin tarukan da aka yi a shekarun baya. Malamin da ya kashe albashin watanni a kan irin wannan ya yi asara biyu, ta kuɗi da ta suna.

Abin da zai dawo da martabar taro

Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Masu shirya taro su rage yawan maƙalu don a samu lokacin tattaunawa, su tantance kowace maƙala kafin a karɓe ta, su ware kuɗin buga kundi tun a kasafin farko, su kuma sanya shi a intanet inda ɗalibi zai same shi kyauta. Rangwamen kuɗin rajista ga ɗaliban digiri na biyu da na uku jari ne ga ƙungiyar kanta, domin su ne mambobinta na gobe.

Hukumomin makarantu da masu ba da tallafi su riƙa tambayar abin da ya biyo bayan tafiya: ko an buga maƙalar, ko an ƙulla wani aikin haɗin gwiwa, ko wanda ya je ya tara abokan aikinsa ya bayyana musu abin da ya gano. Idan kwamitin ƙarin girma ya karanta maƙala maimakon ƙirga takardun shaida, kasuwar tarukan bogi za ta mutu da kanta.

Shi kuma mai halarta ya zaɓi taro guda mai inganci a shekara a kan uku marasa tushe. Ya karanta jadawali tun kafin ya tashi, ya san zaman da zai shiga da mutanen da yake son gani, ya rubuta gyare-gyaren da aka yi masa, ya kuma koma kan maƙalarsa cikin makonnin farko kafin abin ya huce. Masu tsara manufofi a ma'aikatu su ma suna da rabo, domin takardun bayan taro sukan ƙunshi shawarwari a kan noma da lafiya da ilimi da tsaro waɗanda aka gina a kan binciken da aka yi a cikin ƙasar nan. Aika wakili ya zauna har ƙarshen taro, maimakon ya karanta jawabin buɗewa ya fice, ita ce hanya mafi sauƙi ta isar da wannan ilimi inda ake yanke shawara.